Ranar da Aka Wanke Saiwar Dawa

Jiya da hantsi wata ɗalibata ta ciro 'yar ciyawa a gindin katangar makaranta, ta kawo mini tana tambaya ko mene ne sunanta. Ruwan farko bai daɗe da sauka a Azare ba, ƙasar da sauran danshinta. Da ta ga rairayi na zuba a kan teburina sai kunya ta kama ta, ta ɗaga ciyawar za ta kaɗe ta a jikin benci. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. Ƙamshin ne ya riga hankalina, ƙamshin jiƙaƙƙen rairayi haɗe da ɗanyar saiwa. Yaran suna kallona, ni kuwa na riga na bar ajin, ina tsugune a bayan dangar kakata, a wata damina da ta kusa tafiya da abin da tsohuwar ta fi so a duniya.

Ni 'yar fari ce, saboda haka ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, mahaifiyar mahaifina, a wani ɗan ƙauye da ke kan hanyar Bulkachuwa. Haka ake yi a wurinmu. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta kuma kallona in da mutane. In tana son abu sai ta faɗa wa iska, ta ce, "A miƙo ludayin can," ni kuwa na san da ni ake. Kunyar da ke tsakaninta da kakata ta fi wannan nisa. Surukai ne, ba sa zama a tabarma ɗaya, ba sa haɗa ido, magana ba ta tashi daga bakin ɗaya ta sauka a kunnen ɗaya sai ta bi ta kan wani. Ba ƙiyayya ba ce, kada mai karatu ya ɗauka haka. Girmamawa ce mai kauri, irin wadda takan hana mutum ko da yin tambaya.

Kakata tana da gayauna, wato 'yar gonarta ta kanta, a bayan gida. Jigawa ce, farin rairayi mai laushi, wanda in ka dunƙule shi a hannu ka buɗe sai ya watse kamar bai taɓa sanin ɗan'uwansa ba. Ruwa kan sauka a kansa da safe, kafin azahar ya wuce ƙasa abinsa. Maƙwabta sun sha gwada dawarsu a irin wannan wuri, takan fito ta yi rawaya ta tsaya a gwiwa. Amma kakata tana da wata gajeruwar dawa mai farar ƙwaya, wadda ta zo da irinta daga gidan uwarta a wajen Disina, a ƙulle a bakin zane, ranar da aka kawo ta. Ita kaɗai ce ke yarda da wannan rairayin. Da ita kakata ke yin furarta, da ita take kyauta, saboda ita ce ba ta taɓa miƙa hannu ga rumbun ɗanta ba. Takan ce tana jin muryar uwarta in iska ta bi ta cikin ganyen. Nakan yi mata dariya in ce, "Tsohuwa mai ran ƙarfe, kunnenki ne ya fara ƙara." Sai ta ce, "Ke dai ci ki ƙoshi, 'yar birni, bakinki ya fi hannunki aiki."

A shekarar da ta gabaci wadda nake ba ku labari, fara ta sauka a ƙasarmu. Na tuna rana ta dushe kamar an rufa mata mayafi, na tuna ƙarar cin ganye kamar yayyafi a kan busasshiyar fata. Ɗan abin da kakata ta tsira da shi ta adana cikin toka. Da damina ta zo, aka yi ruwan farko, ta shuka kamar kowa. Sai ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone tun tana allura. Abin da ya rage mata a duniya na wannan iri bai cika tafin hannuna ba, a gindin wata 'yar gora da take ratayewa a bayan ƙofa.

Ba ta sake yarda ta zuba shi a fili ba. Sai ta share tsohon turken awaki da ke tsakar gida, ta yafa shi a wurin, ta kewaye da ƙaya, tana ba shi ruwa da ludayi safe da yamma. Nufinta in ya tasa, ruwa kuma ya zauna, ta yi dashe, ta kwashe shi ɗai-ɗai zuwa gayauna. Ya fito kore shar, a cunkushe kamar gashin kan jariri. Duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya ya ce masha Allah.

A wannan daminar ne mahaifina zai tafi fatauci, sai ya kawo mahaifiyata daga Azare ta zauna da mu, don gwiwoyin kakata sun fara ƙi. Mahaifiyata 'yar malami ce, a cikin gari ta tashi, a tsakar gidan da ake sharewa har sai ya yi sheƙi. Ta iya karatu, ta iya kaɗi, zarenta har daga Giade ake aikowa nema. Amma ba ta taɓa riƙe fartanya ba. Ban taɓa ganin mace mai tsabtarta ba. Ko albasa za ta miƙa wa mutum sai ta goge ta. Kakata kan kira ta 'yar Malam, in tana maganarta da ni.

Wata safiya muka tashi an kwana ana ruwa, sama a lumshe, ƙasa ta yi sanyi. Kakata ta ɗauki sungumi, ta dogara shi muka fita gayauna. Tana sara rami tana nishi, ina bin ta ina tsalle daga rami zuwa rami. Da ta gaji sai ta zauna a gindin aduwa ta ce, "Je ki ce da 'yar Malam, in ta sami sarari, a ciro mini dashen nan a kawo." Na ruga na faɗa kamar yadda aka faɗa mini, na dawo. Kakata ba ta ƙara komai a kan saƙon ba, domin bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai ɗan Adam da bai san yadda ake cirar dashe ba. Mahaifiyata kuma ba ta aiko da tambaya ba, domin suruka ba ta sa surukarta maimaita magana.

Mun daɗe muna jira. Can sai ga ta ta ɓullo ta kafar danga, lulluɓe da mayafi, ɗauke da babbar ƙwaryarta mai zane, ta cikin kayan ɗakinta, wadda ba a fitarwa sai don babban baƙo. An rufe ta da sabon faifai. Ta zo nesa kaɗan ta durƙusa, ta kawar da fuska gefe, ta ajiye ƙwaryar a hankali kamar yadda take ajiye wa kakata tuwo.

Kakata ta ɗaga faifan.

Har yau ina ganin abin da ke ciki. An jera dashen ƙulli-ƙulli, kai da kai, gindi da gindi. An wanke kowace saiwa da ruwan rijiya, ɗaya bayan ɗaya, an tsefe ta da yatsa har ta yi fari tas kamar zaren da aka sauke daga mazari. Babu ƙwayar rairayi ko ɗaya. A idona na yarinya ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Mahaifiyata ta ga ƙasa a jikin abin da za ta kai gaban uwar mijinta, ta yi abin da aka koya mata tun tana ƙarama.

Kakata ta daɗe tana kallon cikin ƙwaryar. Ta yi wata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, wadda ban kama ba. Sannan ta ce da ni, "Ki ce mata sannu da aiki. Ki ce Allah ya yi albarka." Na faɗa, ko da yake mahaifiyata na nan tana ji. Ta sunkuyar da kai, ta tashi ta koma gida, ina ganin jin daɗi a tafiyarta.

Muka dasa su duka. Kakata ta datse kan ganyen, tana sa kowanne a raminsa, tana danne gindin da tafin hannu fiye da yadda ta saba. Ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya.

Washegari rana ta fito da ƙarfinta, ruwa ya sake ɗaukewa. Dashen ya langaɓe. Da farko na ɗauka barci yake, don na sha ganin dashe ya kwanta ya tashi. Amma wannan bai tashi ba. Ganyen ya naɗe kamar tabarma, bakinsa ya fara bushewa, layi bayan layi. Kakata takan fita da sassafe ta tsaya a bakin gayauna, sannan ta dawo. Tuwonta ya riƙa komawa madafi kamar yadda aka kawo shi. Mahaifiyata ta ƙara man shanu, ta sauya miya, ba ta san inda ciwon yake ba. Abin da ya rage a turke 'yan ƙanana ne kawai na lungu, waɗanda ta bari don ta ga ba su isa cira ba.

Kakata ba za ta iya kiran surukarta ta ce kin yi kuskure ba. Da ta faɗa, da mahaifiyata ba ta sake ɗaga kai a gidan ba. In kuma ta yi shiru, ragowar ma haka za a wanke su. Sai ta nemi wata hanya.

Wata safiya mahaifiyata na zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, turken kuwa a gabanta yake. Kakata ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙayar, ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata ta ce, "Zo nan, 'yar birni. Kin girma ba ki san komai ba sai cin fura. Zo in nuna miki, kada a ce jikata ce."

Na zo ina turo baki. Ta ɗauki sakaina, wato ɓallin tsohuwar ƙwarya, ta nutsa ta a ƙasa nesa da gindin wani ɗan tsiro, ta ɗago shi da ƙasarsa gaba ɗaya. Ta riƙe shi ta wuya ta girgiza a hankali. Rairayi ya zube, amma ba duka ba. Kowace saiwa ta fito sanye da rairayi, a manne da ita daga sama har kusa da ƙarshe, kamar hannun riga. Wannan rairayin da ba ya riƙe ɗan'uwansa, ga shi ya riƙe saiwa ya ƙi saki.

"Wa ya ɗinka mata?" in ji ni.

"Duba da kyau."

Ta ɗaga shi saitin rana, ta hura wani wuri kusa da bakin saiwar. Na matso har numfashina na taɓa yatsunta. Sai na gan shi. Wani farin gashi ne, siriri fiye da duk abin da na taɓa gani, ya fi gashin ɗan tsako laushi, ya kewaye saiwar kamar hayaƙi. Hasken safiya ya shiga cikinsa ya tsaya. Kowane sili yana riƙe da ƙwayar rairayi, wani ɗaya, wani biyu. Duk kwanakin nan ina tsalle a kan gona, ashe a ƙarƙashin ƙafata akwai wannan, a gindin kowace ciyawa, cikin duhu, ba mai kallo.

"Da wannan take ci," in ji kakata, muryarta har yanzu a sama. "Babbar saiwar hanya ce kawai. A ƙasa mai kyau in kin tuɓe mata riga ba komai, abinci na bakin ƙofa, za ta ci kafin ta ɗinka wata. A rairayinmu kuwa abincin ɗan kaɗan ne, a laɓe yake tsakanin ƙwaya da ƙwaya, sai mai siririn yatsa ke kai masa. In za ki ɗaga ta, ɗaga ta da rigarta. Kin ji ko, sarkin surutu?"

Na ce na ji. Amma a bayana na ji wani abu dabam. Mazarin mahaifiyata, wanda ke juyi tun asuba, ya tsaya.

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Da la'asar sai na gan ta a bakin rijiya da guga. Rijiyoyin ƙasarmu suna da zurfi, igiyar kaba ce mai kaushi, hannunta kuwa bai san komai ba sai auduga da lalle. Ta cika tulu ta fita gayauna, tana bin layi tana durƙusawa, tana buɗe zuciyar kowane dashe da yatsa. Wanda ta ga sauran kore a cikinsa sai ta zuba masa ludayi guda a gindi. Da safe ta sake. Da ta ga rana na shanye ruwan kafin ya yi amfani, sai ta shiga ɗaki ta kwaso faya-fayanta na ado, masu ja da baƙi da rawaya, waɗanda aka yi mata jere da su, ta kafa wa kowanne tsinke ta jingina shi ya yi wa dashen inuwa.

Wata tsohuwa mai tallar nono da ta saba biyowa ta wurin ta tsaya ta riƙe haɓa. Ta leƙo ta kan danga ta ce da kakata, "Yau kuma dawa aka yi wa jere? Ina angon?"

Kakata ta ce, "Yana sama, muna jiransa ya sauko."

Ranar ce kakata ta koma cin tuwonta.

Tafin hannun mahaifiyata ya yi kanta, ya fashe, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Duk da haka yawancin dashen ya mutu, tana cire faifai daga kan wanda ya tafi tana mayarwa kan wanda ke da rai. Har gajimare ya haɗo daga gabas, ruwa ya dawo ya zauna. Da gari ya waye mahaifiyata ta ɗauki sakaina da kanta. Na ga yadda take ɗago 'yan ƙananan nan na lungu, kowanne da dunƙulen ƙasarsa, tana tafiya da shi zuwa gayauna a tafin hannu biyu kamar mai ɗauke da nonon da ya cika ƙwarya. Ƙasa har gwiwar hannunta, har goshinta, ba ta goge ba. Waɗannan ko langaɓewa ba su yi ba.

Cikin waɗanda aka wanke kuwa, kaɗan sun miƙe, sun fitar da sabon ganye daga tsakiya. Wata yamma kakata ta tsuguna a gindin ɗaya daga cikinsu, ta tona gefe da ɗan yatsa a hankali, tana ture rairayi har ta kai ga wata sabuwar saiwa. Na leƙa. Tana sanye da rairayi, sabuwar riga fil, farin gashin nan na leƙowa a bakinta.

"Ta ɗinka wata," in ji kakata.

Na miƙe zan kai saƙo kamar kullum, don mahaifiyata na can ƙarshen layi da tulunta. Sai kakata ta riƙe mini zane. Ta ɗaga kai da kanta ta ce, "'Yar Malam, zo ki gani."

Mahaifiyata ta tsaya cak. Sannan ta ajiye tulun ta taho, ta durƙusa a ɗaya gefen. Kawunansu suka kusa haɗuwa a kan ɗan ramin. Sun daɗe a haka, su biyu, suna kallon abin da bai kai tsawon farce ba. Na ji mahaifiyata ta ce, "Ikon Allah." Kakata ta ce, "Ruwanki ne ya riƙe ta har ta gama." Sai ta mayar da rairayin ta rufe, ta danne da tafin hannu.

Abin da aka girba a shekarar bai kai a yi fura da shi ba, iri ne kawai. Kakata ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ta sussuke, ta raba gida biyu. Ta zuba rabi a gorarta, rabi a wata sabuwa, ta ce in mahaifina ya dawo a tafi da ita Azare, kada a sake ajiye shi a ɗaki ɗaya.

Bayan shekaru, da aka kai ni makarantar 'yan mata, malamarmu ta tsirar da ƙwayar hatsi a cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, ta ba mu gilashin ƙara girma mu duba. Da layi ya zo kaina na sunkuya, sai ga tsohon abokina, farin gashin nan, ya yi girma kamar kurmi. Ta bayyana mana cewa kowane sili fatar saiwar ce da kanta ta miƙe ta yi tsawo, tana kutsawa inda saiwa ba ta iya shiga, tana tsotsar ɗan danshin da ke lulluɓe da ƙwayar ƙasa tare da abincin da ya narke a ciki. Ta ce akwai abincin da ba ya tafiya da ruwa zuwa wurin shuka, sai shukar ta je ta same shi, shi ya sa gashin ya fi amfani a ƙasar da ba ta da ƙarfi. Ta ce ba ya daɗewa yake mutuwa, wani na fitowa a gaba, muddin saiwar na tafiya. Na yi zaton in na san dalilin abin mamakin zai ragu. Sai ya ƙaru.

Kakata ta rasu ina makaranta. Yanzu ana kawo wani farin taki a buhu, ana cewa zai tayar da ko wace irin gona, kuma na ga inda ya yi amfani. Mata suna fita, surukai na hira a tabarma ɗaya, ni kaina ina tsaye gaban allo ina magana da ƙarfi. Ban ce da can ya fi ba. Sai dai in na ga ana barbaɗa takin nan nakan tuna cewa, komai yawansa, sai ya bi ta wannan siririn gashi kafin ya zama tuwo.

Jiya ban gaya wa ɗalibata sunan ciyawar ba, don ban sani ba. Na kai ta bakin taga na ɗaga saiwar saitin rana, na hura, yaran suka kewaye ni suna leƙe.

Da aka tashi na biya ta gidanmu. Na tarar da mahaifiyata a bayan ɗaki, a tsugune gaban 'yar shukar da take yi kowace shekara daga gorar nan, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ƙasa har gwiwar hannu. Ba ta waiwayo ba, ba ta kuma kira sunana ba. Ta ce da iska, "A miƙo sakainar can. A taka a hankali."